Kalmar da Na Ƙaga wa Zabarmanci

Da ana iya mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai kalma ɗaya da zan haɗiye. Ba zagi ba ce, ba kuma rantsuwa ba. 'Yar ƙaramar kalma ce mai harafi biyu. Ni na ƙage ta da bakina a gefen teku a nan Doha, na jingina ta ga harshen mahaifiyata, na rusa aikin shekara uku na wani bawan Allah da ita. Da gangan na yi, na daɗe ina yi, kuma tunda gaskiya na zauna rubutawa, na ji daɗin abin har ranar ƙarshe. Nadama daga baya ta iske ni.

Ni haihuwar zangon Kumasi ne. Mahaifina Bahaushe, mahaifiyata Bazabarma, an zo da ita daga ƙasar Nijar tana goye. Albasa take sayarwa. A kasuwa Hausa take yi da yaren Asante, wanda mu muke kira Tonanci, amma da ta shigo ɗaki ta kwance ɗankwali sai Zabarmanci. Da shi take yi mana faɗa, da shi take lallashi, da shi take sa albarka. Karatuna bai yi nisa ba: allo, sai firamare da ban ƙarasa ba. Tuƙi na koya. Shi ya kai ni Libiya ina saurayi, shi ya kawo ni nan da furfura ta fara. Ina aiki a gidan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauko ni aiki, a unguwar Al Thumama, in kai yara makaranta, in kai uwargida sayayya, in wanke mota. Juma'a ce ranar hutuna, kuma sun bar mini wata tsohuwar mota ina zagayawa da ita.

In an sauko daga masallaci mukan taru a Ain Khaled, a gidan wani Alhaji da ya riga mu duka zuwa ƙasar nan. 'Yan Gana da 'yan Najeriya, faranti ɗaya, ana ci ana tsiya. Su ce Hausarmu ba ta bambance mace da namiji, mu ce ba su san shinkafa da wake ba sai da suka ci tamu.

A can na fara ganinsa. Ɗalibi ne daga Najeriya, ya ba shekara talatin baya, yana da mata da 'ya ɗaya a gida. An ba shi tallafin karatu yana neman digirin dakta. Da ya faɗi abin da yake bincike a kai, kowa ya yi dariya: wai yadda Zabarmanci yake nuna lokacin da aka yi aiki.

Alhaji ya ce, "Kai Bahaushe, me ya haɗa ka da Zabarmanci? Hausar ce ta ƙare?"

"Manya sun cinye naman, Alhaji, ƙashi suka bar mana. Littattafai ina da su. Baki nake nema mai rai. Na so in je Yamai, tafiyar ba ta yiwu ba."

Alhaji ya nuna ni da haɓa. "Ga baki nan. Ya tsufa, amma bai rufe ba."

Ya taso ya durƙusa a gabana, ya ce, "Fofo, Baba. Mate ni go?" Wato sannu, yaya kake. Lafazin nasa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, amma sai da idona ya kawo ruwa. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya gaishe ni da wannan harshe.

Daga nan muka sa al'ada. Kowace Juma'a bayan la'asar in ɗauke shi mu tafi Corniche, wurin shan iska na bakin teku, mu zauna a benci ɗaya daura da jiragen katakon nan masu yawo da baƙi. Ya sayo mana shayin karak mai madara kofi biyu, ya ɗora wayarsa a gwiwata tana ɗaukar murya. Shi ya faɗi magana da Hausa, ni in mayar da Zabarmanci.

"Baba, na tafi."

"Ay koy."

"Zan tafi."

"Ay ga koy."

"Nakan tafi kullum."

"Ay ga koy, shi ne dai."

"Ina cikin tafiya yanzu."

"Ay go ga koy."

Sai ya buga cinya don murna kamar wanda aka yi wa bushara. Shi ya nuna mini abin da na shekara sittin ina faɗa ban gani ba. Ya ce, "Baba, duba. Koy ɗin nan ba ya motsi. Jiya koy, gobe koy. 'Yan ƙananan da ke gabansa su ne ke aikin. Kuma ba agogo suke dubawa ba, abin da ya dame su shi ne, aikin ya kammala ko da saura." In an gama, ba a sa komai. In da saura, ko ana sa rai, ko an saba yi, sai a sa ga. Har a'a ma iri biyu ce: ay mana koy, ban tafi ba, ay si koy, ba zan tafi ba, ko ba na zuwa. In kuma aikin ya faɗa a kan wani abu aka gama shi, sai 'yar kalmar na ta shiga tsakani: ay na feeji day, na sayi tunkiya. Tumakin da na saya a kan bencin nan da baki, da na gaske ne da na fi kowa garke a Qatar.

Ban taɓa jin girma irin na waɗannan watanni ba. Mutumin da aikinsa buɗe wa yara ƙofar mota, ga mai neman dakta yana rubuta abin da ya fito daga bakinsa. Har na fara sa farar riga ranar Juma'a ina fesa turare.

Wannan jin girman ne ya sa na ba shi abin da ban taɓa ba kowa ba. Lokacin da nake Libiya babu wayar hannu, iyayenmu kuma ba su rubutu. Kaset ake yi. Uwa ta zauna gaban rediyo ta yi magana, a ba matafiyi ya kawo. Mahaifiyata ta aiko mini da yawa, ɗaya ne ya tsira, na ƙarshe, kuma ɗana ya juye mini shi a waya. A ciki tana ba ni labarin unguwa, wanda ya haihu da wanda ya rasu, sai can wajen ƙarshe muryarta ta karye ta ce, "Ni ne ni ga kaa. Ni mana kaa." Ka ce za ka zo. Ba ka zo ba. Kuma ban je ba. Ina cewa sai baɗi, sai baɗi, har aka binne ta ina can.

Na tura masa. Na ce, "Malam, ga Zabarmanci na asali, ba irin nawa ba. Amana ce."

Ya ce, "Na karɓi amana, Baba."

Mako biyu bayan haka muna zaune, aka kira shi a waya. Wani abokin karatunsa ne, ba Bahaushe ba, don haka Turanci suka yi. Bai ko tashi daga bencin ba. A nan ya yi kuskurensa. Ya ga tsoho mai gemu da carbi, direba, bai gama firamare ba, sai ya ɗauka irin tsofaffin da ya sani ne a garinsu. Bai san cewa a Gana ko mai tura baro yana jin Turanci ba. Ni kuwa ban taɓa yi a gabansa ba, don ba abin da ya kawo shi.

Na ji komai. Ya ce wa abokin, tsohon aku ne, abin da ka faɗa shi zai maimaita, kuma arha gare shi, kofin shayi ɗaya ya ishe shi. Na haɗiye wannan. Sai ya ce wai na ba shi wani kaset na uwata, wata tsohuwa mai albasa, rabin maganar gulmar unguwa, rabi kuka, Zabarmancin duk ya cuɗe da Hausa. Amma akwai jimla ɗaya mai kyau, mai ɗauke da ga da mana a wuri ɗaya, zai sa ta misali. Sannan ya ƙanƙance murya, ya sa ta rawa irin ta tsofaffi, ya ce, "Ni ne ni ga kaa, ni mana kaa." Na jiyo dariyar abokin daga cikin wayar. Shi ma ya yi.

Ya kashe waya ya juyo yana murmushi. "Yi haƙuri, Baba. Ina muka tsaya?"

Na dubi jiragen. Na dubi shayin da ke hannuna. Na zubar da shi a hankali a gindin bencin, na ce ƙuda ne ya faɗa.

Da ni mutumin kirki ne, da a nan na yi magana. Da na ce masa na ji, ya ji kunya, a wuce wurin. Amma ni ba kunyarsa nake so ba. So nake a yi masa dariya a gaban waɗanda yake ganin girmansu, kamar yadda ya sa aka yi wa uwata. Mako guda ina tuƙi ina tunani. Na san abin da ke cin ransa, don ya sha faɗa mini: duk abin da nake ba shi yana cikin littattafai, shi kuwa sabon abu yake nema, wanda ba wanda ya taɓa rubutawa. Na ce a raina, to, aku zai yi maka sabuwar waƙa.

Juma'ar da ta biyo ya ce, "Baba, kakana ya tafi Makka."

Na ce, "Yaushe ya tafi?"

"Da bambanci ne?"

"In tun da daɗewa ne, ai ba a koy za ka ce ba. A lo koy."

Ban san inda na samo lo ɗin nan ba. Ba ta da ma'ana a kowane harshe da na sani. Bakina ne kawai ya jefo ta. Ya daskare. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya duƙufa yana rubutu.

"Baba, wata takwas muna tare ba ka taɓa faɗin wannan ba!"

"Ba ka taɓa tambayata zancen kakanni ba. Kullum tunkiya kake sa ni saye."

"Amma babu ita a kaset ɗin Inna."

Inna. Har da Inna. Na ce, "Labarin makon da ta yi kaset ɗin take bayarwa. Me zai kawo lo?"

Ya ce duk masana sun rubuta cewa Zabarmanci bai raba aikin jiya da na shekara ɗari ba. In har wannan ta tabbata, ya ce, za a sake rubuta littattafai. Ya kama hannuna da hannu biyu. Na ce Allah ya sa albarka.

Ashe ƙarya ma sana'a ce, tana son kula. Mako na gaba ya zo da tambayoyi shafi uku. In za a ce a'a fa? In aikin ya faɗa a kan abu fa? Shekara nawa ne daɗewa? Dole na yi mata dokoki. Na ce a'arta mana lo. Na ce in akwai abin da aka yi wa aikin, lo ke riga na: ay lo na feeji day. Na ce ba a sa ta sai abin ya haura shekara bakwai, ko wanda ya yi aikin ya rasu. Shi kuma yana da wata dabara, sai ya bar tambaya ta yi wata guda ya sake jefo ta ta wata fuska, ya ga ko zan canza. Da na gane haka na sayi ƙaramin littafi. Duk ƙaryar da na yi ranar Juma'a, in na koma ɗaki in rubuta ta da ajami. Ina zaune a mota ƙofar makaranta ina jiran yaran kafil, ina bita kamar mai hadda. Ban taɓa yi wa karatun allona irin wannan naci ba. Ko sau ɗaya bai kama ni ba.

Kuma ina jin daɗi. Kada wanda ya ce ban ji ba. In na ga yana rubuta lo da jan biro yana ja mata layi, wani sanyi ke sauka a ƙirjina. In ya miƙo mini shayi in karɓa in ce, "Arha gare ni, Malam." Ya yi dariya, bai gane ba. Ya sauya tsarin aikinsa duka, ya mayar da lo babi mafi girma. Malamin da ke duba shi Bature ne, bai jin Zabarmanci sai na littafi, shi ma murna ta kama shi. Ya dai ce a nemo mutum na biyu ya tabbatar. Ɗalibin ya tambaye ni ko ina da ɗan'uwa da za a kira. Na ce ƙanwata ce ta rage, kuma kunnenta ya mutu. Ƙanwata tana nan a Kumasi, tana jin faɗuwar allura.

Allah ya ba ni ƙofar fita ba sau ɗaya ba. Bayan ya je hutun ƙaramar Salla ya dawo mini da hula, aikin hannu, ya ce matarsa ce ta zaɓa. Ya nuna mini hoton 'yarsa, ta fara tafiya ba ya nan. Ya ce, "Saura kaɗan, Baba, in gama in koma. Yarinyar nan ba ta san ni ba, kawu take ce mini." Ya kuma nuna mini shafin godiya, inda ya rubuta cewa yana gode wa mahaifinsa na Doha. Ya fassara mini da Hausa kalma kalma, ni da na riga na karanta tun yana buɗewa. Zuciyata ta ɗan yi laushi. Da na koma mota na kunna kaset ɗin, na ji muryarta, sai na ji tasa muryar a kai tana rawa. Na jefa hular bayan kujera. Makon nan na ƙara masa wata doka.

Alhaji ma ya lura. Wata rana muna wanke hannu ya ce, "Direba, kwanan nan kana ƙyalli. Aure za ka ƙara?"

Na ce, "Noma nake, Alhaji. Ina jiran kaka."

Wata goma aka yi a haka. Ya gama rubutu aka aika wa masu jarrabawa. Ɗaya daga cikinsu wani shehun malami ne a Yamai, Bazabarme uwa da uba.

Ranar da ya zo mini da sakamakon, bai sayo shayi ba. Zafi ake yi sosai, Corniche ba kowa sai mu da masu shara. Ya zauna ya fito da takarda. Idonsa ya faɗa.

Ya ce, "Baba, mutumin Yamai ya ce bai taɓa jin lo ba. Ya tambayi tsofaffin garinsu, ya tambayi na wasu garuruwa. Ba wanda ya santa. Ya rubuta cewa ko dai an yi mini wasa, ko ni na ƙaga. Ka ji? Ni na ƙaga. An karanta wannan a gaban malamaina."

Abin da na yi wata goma ina jira ke nan, kuma ya zo yadda na so.

Ya matso. "Amma akwai mafita. Wataƙila ta Zabarmawan zango ce, ta tsiro a Gana, shi ya sa ba su santa a can ba. In haka ne ma ya fi kyau. Abin da nake roƙo, ka faɗa a ɗauka cewa daga bakin Inna ka ji ta. Sannan ka haɗa ni da kowa a Kumasi, ko maƙwabci ne. Mutum ɗaya ya ishe ni. Tallafina wata biyu ya rage."

Na gyara zama, na buɗe baki na yi masa Turanci. Irin namu na Gana, mai nauyi, amma kowace kalma ta fita. Na ce, tsohuwa mai albasa ba ta taɓa cewa lo ba. Aku ne ya ƙaga. Aku mai arha, wanda kofin shayi ke isarsa.

Ya zuba mini ido, bakinsa a buɗe. Na jira in ga kunya ta rufe shi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baba, kana jin Turanci?" Sannan, "Wane aku?"

Ya manta. Wallahi ya manta. Ni na kwana da maganar nan na tashi da ita wata goma, shi ko tuna ta bai yi. Sai da na faɗa masa ranar, da wanda ya kira shi, na kuma kwaikwayi yadda ya kwaikwaye ta. A nan ya tuna. Ya sa fuska cikin tafin hannu, ya daɗe a haka.

Da ya ɗago ya ce, "Don me ba ka mare ni ba? A ranar, a nan. Da ka mare ni da na durƙusa. Da ka kai ni gaban Alhaji."

"Mari yana hucewa."

"Na yi laifi. Na yi rashin kunya, Allah ya gani. Ka yafe mini, Baba." Ya sauko daga bencin ya durƙusa a kan siminti mai zafi. "Lo ta tafi, na haƙura. Amma yanzu sun ce duk abin da ya fito daga bakinka ba abin yarda ba ne, har na farkon. Ka taimake ni da abu ɗaya. Ka nuna mini wanne ne gaskiya, wanne ne ƙarya. In na ware su, zan iya tsirar da rabin aikin kafin lokacina ya ƙare."

Littafin ajamin yana cikin aljihun rigata. Kowace ƙarya tana ciki, a jere, ba wadda ta ɓace. Abin da ba ya ciki gaskiya ne. Hannu kawai zan sa. Na ji nauyinsa a ƙirjina.

Na ce, "Ka je Yamai ka tambaya. Yalla, ni zan tafi, rana ta yi."

Na tashi na bar shi a durƙushe. Ban ko mayar da shi masauki ba. A hanya na kunna rediyo, na sayi lemo mai sanyi na sha a mota. Wannan ita ce ranar da na ce na ji daɗi har ƙarshenta.

Abin da ya biyo baya a bakin mutane na ji. An ce masa ya sake aikin da sababbin masu magana, abin da zai ci shekara ko fiye. Ya nemi ƙarin lokaci bai samu tallafi ba. Ya tattara ya koma gida ba digiri. Bai gaya wa kowa abin da ya haɗa mu ba. A Ain Khaled ya yi sallama da kowa, ya ce aikin ne bai karɓu ba, ya bar mini gaisuwa wajen Alhaji, don ranar na ƙi zuwa.

Wannan gaisuwar ce ta fara karya ni. Na so a ce ya zage ni. Na so ya tona, in tashi in faɗi nawa, jama'a su raba mana. Bai ba ni wannan ba. Na yi makonni ina zuwa ina cin abinci da su, har wata Juma'a da aka watse na tsaya na faɗa wa Alhaji komai, ina sa ran zai ce ai shi ya jawo.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Shi ya yi wautar minti biyar. Kai ka yi mugunta ta wata goma, da alwala, da farar riga."

"Uwata ya yi wa dariya, Alhaji."

"Ya yi. Kai kuma ka ɗauki harshen da ta shayar da kai, ka zuba masa ƙasa don wani ya ci ya ƙware. Wa ya fi ɓata mata? Kuma ka tambayi kanka, haushin wa kake ji tun farko. Yaron nan ba shi ya hana ka zuwa gida ba."

Na sa takalmina na fita. Na yi fushi da shi kwana biyu, na uku na san ya faɗi gaskiya.

Na ɗauki hoton littafin ajamin shafi shafi na tura masa a waya. Na yi masa saƙon murya na karanta kowace jimla, na ce wannan ƙarya ce, wannan ma ƙarya ce, duk abin da ba ya nan ka riƙe shi, na rantse gaskiya ne. Na haɗa da lambar ƙanwata, na gaya masa kunnenta lafiya lau. Na roƙe shi gafara da Hausa. Alama ta nuna ya buɗe. Bai amsa ba. Na sake turawa da azumi, na sake da Babbar Salla. Wani ɗan garinsu ya ce mini yana koyarwa a wata sakandare, kuma in an yi masa zancen Zabarmanci sai ya sauya magana. Abin da zai yi masa amfani a wata biyun nan, na kai masa bayan wata shida. Ban ga laifinsa ba in bai amsa ba har abada.

Ba na cewa bai yi laifi ba. Har yau in na tuna muryar nan da ya yi, jinina yana tafasa, kuma wani lokaci shaiɗan yakan raɗa mini cewa daidai na yi. Shi ya sa na rubuta wannan, don in ga abin a takarda yadda yake, in daina yi wa kaina ado.

Ku da kuka karanta, ga roƙona. In wani ya taka ku, ku ce masa ya taka ku tun ƙafarsa tana kai, ko da faɗa ne, ko da hawaye. Kada ku yi murmushi ku karɓi shayinsa kuna haƙa masa rami. In kuma har kun haƙa ya faɗa, ya miƙo hannu, ku kama. Kada ku yi irin tawa.